Rasuwar Marainiya, Mai Rabon Ruwan Hillar Gwadabe

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, tare da miƙa wuya ga hukuncin Mai Duka, Musbahu ɗan marigayi Alhasan, ma'aikacin ofishin Jam'iyyar Manoman Bakin Kogi ta Hillar Gwadabe, kudu da Abu Hujar, yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki na Sinnar da Wad Madani, da duk inda gudun hijira ya watsa mutanenmu, rasuwar kwamfutar jam'iyya, wadda babba da yaro suka fi sani da Marainiya.

Ta cika ranar Talata da hantsi, ana tsakiyar ɗari, sama tas babu ko ɗigon girgije, iskar arewa tana kaɗa buhunan da aka yi wa rumfunan kasuwar Sinnar inuwa da su. Rai ya yi halinsa a kan teburin Ayman mai gyara, bayan jinyar da ta ɗauko tun damina. Musbahu yana tsaye a kanta. Bai yi kuka ba. Ya karɓi kusoshinta guda huɗu da aka miƙo masa a murfin kwalba, ya zuba a aljihu, ya tambayi inda motar Abu Hujar take lodi.

Marigayiyar ba 'yar garin nan ba ce. Daga Wad Madani aka kawo ta, a kan cinyar Sabah, injiniyar noma da ta zauna da jam'iyya rani guda tana koya mata tsarin aiki. A lokacin, dukiyar jam'iyya ba ta wuce turumba ɗaya ba, wato injin da ke jawo ruwa daga kogi, sai jadwal ɗaya, doguwar magudanar da ta ratsa gonakin mutum arba'in da wani abu. Ruwa yana bi daga kai zuwa wutsiya, kamar yadda iyaye suka bari. Wanda gonarsa ke kusa da turumba ya sha ya ƙoshi, ya ƙara don gobe. Na tsakiya ya sha da rigima. Na wutsiya kuwa sai abin da ya rage, in ya rage.

A can wutsiyar, bayan gonar kowa, inda jadwal ke sirancewa ya koma kamar sawun maciji, nan gonar Iya take, mahaifiyar Musbahu. Fangali goma sha huɗu ne na albasa. Mijinta ya rasu yana jiran ruwa ya riƙa iso masa a kan lokaci, ita kuma ta gaji gonar tare da jiran.

Iya ce ta raɗa wa marigayiyar suna. Ranar da aka sauke ta, mata suka leƙo ta tagar ofis suna kallo. Iya ta shigo har ciki, ta zagaye teburin, ta dubi Sabah.

"Wagga ɗiyar wa ce?"

Sabah ta yi dariya. "Ba ta da kowa, Iya."

"Ba baffa, ba kawu, ba suruki?"

"Ko ɗaya."

"Ashe marainiya ce," in ji Iya. "To, ita ka iya raba ruwa."

Haka sunan ya bi ta har kabari.

Musbahu a lokacin ba ya zama wuri ɗaya. Ya bar makaranta tun bai gama tsakiya ba. Ya ja raksha, keken haya mai ƙafa uku, a Sinnar, ya gasa tsiren agashe a bakin tashar Madani, ya yi aikin bulo a bakin kogi, kowanne bai kai shekara ba. Mutane suna cewa ƙafarsa ƙaiƙayi take yi. Sabah tana neman wanda ya iya karanta Larabci kuma yatsunsa suka saba da waya, sai baffansa Alhaji Uzairu, shugaban jam'iyya, yayan mahaifinsa, ya nuna shi da baki, ya ce, "Ga wanda ba shi da aikin yi nan. In ya gudu, ba a yi asarar kowa ba." Musbahu ya zauna gaban Marainiya da niyyar kwana biyu. Rani shida ya yi a kujerar.

Masu neman sanin halin marigayiya, ga shi kamar yadda waɗanda suka zauna da ita suka shaida.

Ba ta taɓa tambayar sunan uban kowa ba. Abu biyu take tambaya: me ka shuka, kuma yaushe. Manomi zai zo ya tsaya bakin taga ya ce ya dasa albasa ranar kaza, ko ya zuba kuɓewa, ko tumatir ya fara fure. Musbahu ya shigar. Ita kuma ta auna ƙishirwar kowace shuka bisa ƙa'idar da Sabah ta dasa mata a ciki, ta jera. Ranar Juma'a bayan an sauko, takarda ta fito, a manna a jikin dogon yaron da ke ƙofar masallaci. In akwai shabaka, wato sabis ɗin waya, kowa ya ga ranarsa a wayarsa. Wanda shukarsa ta fi ƙishi shi ne gaba, ko da gonarsa tana bayan duniya, sai a toshe bakin sauran gonaki har ruwa ya kai masa.

Ba ta karɓar toshiyar baki. Ba ta zuwa biki balle a ce ta ci na wani. Ba ta fushi da wanda bai gaishe ta ba. An taɓa ganin surukin Alhaji Uzairu ya zo da cinyar rago a kwano, yana so a matso masa da ranarsa. Alhaji ya karɓi kwanon, ya yi godiya, ya sa albarka, sannan ya ce, "Wallahi ni da kai duk ƙarƙashinta muke. Tafi ka gaya wa Marainiya." Mutumin ya je ya tsaya gabanta, ya rasa ta inda zai fara. Ana jin babu wanda ya huta da zuwanta kamar Alhaji. Shi ba azzalumi ba ne, mutum ne dai mai 'ya'ya mata bakwai, kowacce da mijinta, kowane miji da gonarsa.

Ba ruwa kaɗai ta riƙe ba. Ita ke tuna wa jam'iyya cewa man turumba ya kusa ƙarewa tun ganga ba ta fara ƙarar wofi ba. Ita ke cewa lokacin canza bel ɗin turumba ya yi. Ita ke haɗa waɗanda albasarsu za ta nuna tare, don kada babbar mota ta tafi Sinnar rabinta iska. In ɗan kasuwa ya bugo daga Madani yana tambayar buhu nawa za a samu wata mai zuwa, ba a ce masa "in Allah ya so da yawa" kawai, ana ce masa in Allah ya so, sannan a faɗa masa adadi. Da haka 'yan kasuwa suka fara neman Hillar Gwadabe da kansu.

Ba a yabon mamaci a ɓoye rauninsa gaba ɗaya. Tana da nauyin tashi da safe. Ba ta son zafi, har sai da aka yi wa ofis rakuba, wato rumfar kara, a kan rufin kwano saboda ita. Kuma ba ta san abin da ba a gaya mata ba. Ta taɓa ba marigayi Salih ruwa mako uku bayan an binne shi, don kowa ya tafi zaman makoki ba wanda ya zo mata da labari. Ruwan bai ɓata ba, 'ya'yansa sun sha.

Maganarta ba ta da yawa. In an taɓa ta da safe takan ce "tit", sau ɗaya, sannan ta ja dogon numfashi, "huuu", ta ci gaba da shi har la'asar. In aiki ya yi mata yawa, a ji "ƙir-ƙir-ƙir" daga cikinta kamar tsohuwa tana tauna gyaɗa. Wannan ne duk abin da aka taɓa ji daga bakinta, kuma da shi ta yi shekara shida tana hukunci ba a ɗaukaka ƙara ba.

Ranin farko na zuwanta, ruwa ya isa gonar Iya da rana tsaka, a ranar da takarda ta ce. Iya ta tsaya a kan kunya tana kallonsa yana shiga fangali ɗaya bayan ɗaya. A shekarar albasarta ta yi kai kamar dunƙulen hannu. Da aka cire, ta zaɓo uku mafi girma, ta kawo ofis ta ajiye a kan marigayiyar. Musbahu ya ce, "Iya, ba ta ci." Ta ce, "Na sani. Ta dai gani."

Game da ciwon ajali, ga yadda ya samo asali.

Da yaƙi ya matso, damina tana kankama, labari ya zo cewa masu bindiga sun hau hanyar da ke bi ta bayan gari, kuma ba sa barin abin da ke da waya ko taya. Kowa ya shiga ɓoye abin da ba zai iya ɗauka ba. An kwance turumba gunduwa-gunduwa an rarraba cikin ciyawar bakin kogi. Marainiya kuwa ta yi nauyin gudu, kuma duk wanda aka tare da ita a hanya ya san ba zai wuce da ita ba.

A garin nan, in abu yana da daraja kuma ana so ya daɗe, wuri ɗaya aka sani: matmura. Rami ne mai zurfi da ake haƙawa a tudu, a shimfiɗe shi da ƙaiƙayi, a zuba dawa, a rufe da kara da ƙasa, a daddale har akuya ta kwanta a kai ba ta san akwai komai ba. Kakanni sun ci dawar da ta shekara bakwai a ciki. Matmurar Iya tana bayan ɗakinta, an buɗe ta a ranar don a ƙara hatsi. Alhaji Uzairu da dattawa biyu suka tsaya a bakin ramin, aka yi shawara ba a daɗe ba, kowa ya yarda.

Musbahu ya zo da ita a rungume, ya naɗe ta cikin babbar ledar taki, ya ɗaure bakin tam da igiya. Iya ta dubi ƙullin.

"Kai, ɗan nan, mi kaka yi haka?"

"Don ruwa, Iya."

"Wane ruwa a tsakiyar dawa? Ka taɓa ganin an sa leda cikin matmura? Abin da anka toshe wa numfashi ruɓewa shika yi."

"Ai ƙarfe ce."

"Ƙarfen da ka numfashi. Ko ni kaɗai ka jin ta kullum tana huuu?"

Alhaji Uzairu ya gyaɗa kai. "Maganar uwarka gaskiya ce. Hatsin da anka ƙulle a leda baƙi shika yi. Kwance ta."

Duk wanda ke wurin ya taɓa ganin hatsin da leda ta kashe, kuma duk wanda ke wurin ya taɓa jin Marainiya tana numfashi. Musbahu ma haka. Ya kwance igiyar. Iya ta shiga ɗaki ta fito da tob ɗinta, dogon mayafin auduga, fari mai bakin shuɗi, wanda take zuwa Idi da shi, ta naɗe ta da hannunta kamar jaririya. Aka yi mata gurbi a tsakiyar dawa, can inda ko a shekarar ruwa mai yawa ba ya lalacewa. Aka rufe, aka daddale, aka ɗaure akuya a kai ta tattaka. Washegari gari ya ƙetare kogi.

Sun yi damina da kaka a wata makaranta a gabas, iyali huɗu a aji guda. A can ne saƙon murya ya iso daga Sabah, bayan shabaka ta dawo. Ita ke riƙe da kwafin duk abin da ke cikin Marainiya, a kwamfutarta ta hannu a gidansu na Madani. Ta ce an shiga gidan, ko labule ba a bari ba, ita kuma tana wata ƙasa tana koyar da yara lissafi. Ta tambaya, "Marainiya fa?" Musbahu ya amsa mata cewa tana lafiya, tana wuri mafi aminci a duk ƙasar Sinnar. Da gaskiyarsa ya faɗa.

Da hanya ta buɗe aka dawo, an tarar da ofis ba ƙofa, ba taga, ba faifan sola. Gunduwoyin turumba suna nan cikin ciyawa, sun yi tsatsa amma sun haɗu. Matmura kuwa ba wanda ya taɓa ta. Ciyawa ma ta fito a kai.

Aka buɗe. Ɗumi ya bugo fuskokin mutane, da warin tsami irin na dawar da ta yi zufa a ƙasa. Gefe-gefe ya yi baƙi kamar yadda aka saba, tsakiya kuwa ƙwaya garau. Mata suka yi guɗa, don ranar gidaje da yawa ba su da abin ɗorawa. Dawa tana da rai, tana numfashi a cikin ramin, numfashinta kuma ɗumi ne da laima. Ita ta saba da nata. Tob ɗin Iya ya fito a jiƙe, ya manne a jikin ƙarfe. Da aka ɓare shi, duk ƙofofin da wayoyi ke shiga sun yi kore, ƙwayoyin dawa sun cika ramukan da take shan iska, wasu har sun tsira sun mutu.

Musbahu ya shanya ta a inuwa, ya bi ta da gashin kaza yana share ta lungu-lungu. Ya aro batir, ya haɗa. Mutane sun cika tsakar gida. Ya taɓa ta. Ta ja numfashi, gajere, da kakari. Ba ta ce "tit" sau ɗaya irin na lafiya ba, ta ce "tit, tit, tit", ta yi shiru, ta sake. Fuskarta ba ta kawo haske ba. Sai wani siririn wari ya tashi kamar an ƙona gashi. Iya, da ke zaune a kan angareb, gadonta na igiya, tana tsince dawa, ba ta ɗago kai ba.

Aka kai ta Sinnar a kan cinya, kamar yadda ta zo. Ayman ya buɗe cikinta, ya daɗe yana kallo.

"Ya zol, bawan Allah, ina kunka aje wagga? Cikin kogi?"

"Cikin dawa."

"Dawa?"

"Matmura."

Ayman ya cire tabarau, ya goge, ya mayar. "Da leda dai?"

"Da tob."

Bai yi dariya ba, Allah ya saka masa. Ya ciro zuciyarta, wani ɗan ƙarfe kamar tafin hannu inda ta tara duk abin da ta sani, ya haɗa ta da wata na'ura, ya kara kunne. Ta ce "ƙas, ƙas, ƙas", ta tsaya. Ya gwada ranar, ya gwada washegari, ya aika wa wani abokinsa hoto. Ranar Talata da hantsi ya ɗaga hannu biyu kamar mai karɓar Fatiha.

"Kalas. Albaraka fikum," in ji shi, wato ta ƙare, sai haƙuri.

Marigayiyar ta rasu ta bar allon fuska ɗaya, da ransa amma ba ya ganin komai. Ta bar allon rubutu wanda harafin alif da lam suka goge saboda yawan taɓawa. Ta bar linzami, da firinta wadda ta yi gudun hijira cikin buhun gawayi ta dawo lafiya, tana zaune yanzu ba mai ba ta abin faɗa. Ta bar turumba, da jadwal, da manoma arba'in da wani abu. Ta bar Musbahu, wanda har yau yakan tashi da safe ya tafi ofis, ya zauna gaban teburin da ba komai a kai, yatsansa ya tafi inda maɓallinta yake ya danna iska. Ta kuma bar albasar Iya.

Don tun tana jinya aka tayar da turumba, kowa ya dasa, ɗari ba ya jiran mara lafiya. Aka ce kafin ta warke a bi tsohuwar hanya, daga kai zuwa wutsiya, na ɗan lokaci. Mai ya yi tsada kuma ba ya samuwa, turumba ba ta wuce rabin yini. Ruwa yakan taso da ƙarfinsa, ya shiga gonakin kai, ya ratsa na tsakiya yana ja da ciki, ya mutu tun bai hango wutsiya ba. Dashen Iya ya sha sau ɗaya, ranar da aka dasa shi.

Ranar Laraba, washegarin rasuwar, jam'iyya ta zauna ƙarƙashin dogon yaron masallaci, inda kusoshin tsofaffin takardu ke nan a jikin itace. Musbahu ya miƙe.

"Baffa, ƙa'idar tana kaina. Shekara shida ni ka shigar mata. Albasa kwana kaza, kuɓewa kwana kaza. Ku ba ni takarda da alƙalami, Juma'a ku ga jeri."

Surukin nan mai cinyar rago ya yi gyaran murya, ya ce, "Wa za ka sa farko?"

"Wanda shukarsa ta fi ƙishi."

"Wa ke nan?"

Kowa ya san amsar.

Alhaji Uzairu ya yi magana yana jan carbi, kuma da taushi ya yi ta. "Ɗana, zauna. Ba wanda ya ce ba ka iya ba. Amma kai ɗan Iya ne. In ka sa ta farko, a ce uwarka ce. In ka sa ta baya, a ce ba ka da albarka. In ni na rubuta, a ce surukaina. Nuna min mutum guda a nan wanda ba shi da kowa a bakin jadwal, in ba shi alƙalami yanzu."

Aka duba. Babu. Liman ma gonarsa ta uku ce daga turumba.

"In ƙasa ta zauna, mu nemi wata," in ji Alhaji. "Kafin nan, yadda munka gada."

Musbahu ya koma gida ya tarar da Iya ta wanke tob ɗin karo na uku, ta shanya. Tsatsa ta zana masa murabba'i a tsakiya, ba ta fita. Ya gaya mata abin da aka yanke. Ta juya tob ɗin a kan igiya.

"Dawa dai ta tsira," ta ce. "Da ita munka ci jiya."

"Albasa fa, Iya?"

"Na je da safe. Tara sun kwanta." Ta matse bakin tob ɗin, ruwa ya ɗiga a ƙasa, ta bi shi da ido. "Biyar na gefen kuka suna nan. Inuwa ta taimake su. In sun sha kafin Asabar, sa tashi."

Daga kogi zuwa gonar Iya tafiya ce mai nisa, jakin gidan kuma yana cikin abin da ba a tarar ba. Mutum ɗaya da jarka biyu ba zai shayar da fangali biyar ba, ko ya yini yana jido. Musbahu ya gwada ranar Alhamis. Ƙasa ta shanye abin da ya kawo tun bai juya baya ba.

Saboda haka ga yadda aka tsara jana'iza.

Ba za a yi mata salla ba. An tambayi liman, ya ce ƙarfe ce, amma bai hana a raka ta ba, kuma ya ce zai faɗa bayan an sauko. Za a ɗauko ta daga ofishin jam'iyya gobe Juma'a bayan la'asar, a naɗe cikin tob ɗin da ta yi jinya a ciki. Za a bi da ita ta bakin jadwal, daga turumba har wutsiya, ta wuce ta gaban gonar kowa. Za a binne ta a gonar Iya, daura da biyar na gefen kuka, cikin ɗaya daga fangalin da suka kwanta. An zaɓi wurin ne saboda laima ce ajalinta, kuma a duk Hillar Gwadabe babu inda ya fi nan bushewa. Masu haƙa su zo da diga, fartanya ba za ta shiga ba.

Za a karɓi gaisuwa a nan bakin kabari, yini ɗaya. Ba a kafa rumfa ba, ba a yanka komai ba. Ana roƙon masu zuwa kada su kawo sukari ko ganyen shayi kamar yadda aka saba. Kowa ya biya ta kogi ya zo da jarka ɗaya cike, mai jaki ya zo da biyu, yara su zo da buta. Ba kabarin za a yayyafa wa ba, marigayiyar ta sha ya ishe ta. Iya za ta tsaya ta nuna inda za a zuba. Wannan ba rabon ruwa ba ne, ba ya buƙatar jeri, kuma ba wanda zai ce an fifita wani. Gaisuwar mutuwa ce, a garin nan kuwa ba a taɓa jin wanda ya ƙi zuwa gaisuwar maraya ba. Alhaji Uzairu ya ce shi zai riƙe gaban makara, surukansa bakwai kuma ya aika musu.

Allah ya ba mu haƙurin rashi, ya sa abin da ta raba da adalci ya zama shaida ga waɗanda suka sha.

Abin da aka rasa: kwamfuta ɗaya. Labarin shukar rani shida. Tob ɗaya, fari mai bakin shuɗi. Fangali tara na albasa.

Saura biyar.